Neman Shawara Kan Jinyar Mahaifiyata da Dare

Assalamu alaikum. Watanni huɗu ke nan da mahaifiyata, mai shekara 74, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, kuma tun da aka sallame ta daga asibiti muke jinyarta a gida a nan Kano. Likita ya ja mana kunne cewa a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama ta.

Da rana babu damuwa, domin mun ɗauki wata baiwar Allah mai haƙuri wadda take yi mata wanka, ta ba ta kunu da cokali sannu a hankali saboda tana yawan ƙwarewa, ta kuma taya ta alwala. Dare ne ya gagare mu. Ni da ƙanwata muna karɓa-karɓa, amma barci yana sace mu, ga shi jiya na ga wani wuri a ƙugunta ya yi duhu, ya kuma ɗauki zafi. Sau biyu muka kawo mai kwana, Hajiya ta ƙi yarda baƙuwa ta canza mata zane, sai ta juya fuska bango tana hawaye, abin da zuciyata ba ta iya ɗauka.

Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan jinya su faɗa mini yadda suka sa dattijuwa ta saba da sabuwar mai jinya. Idan kuma mai aikin ranar ta amince ta riƙa kwana, wane tsarin hutu da ƙarin albashi ne adalci, don kada mu ci haƙƙinta?