Bayan gyaran sautin ɗaki da Audyssey, bes ya ragu: ina matsalar take?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da risibar Denon (na'urar da ke rarraba sauti ga lasifika) mai ɗauke da Audyssey MultEQ XT32, tsarin da ke auna sautin ɗaki da makirufo ya gyara shi, da lasifika biyar da wufa (lasifikar bes) ɗaya, a ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Na kafa makirufo na bi matakan awon har ƙarshe, amma da na kunna fim sai na ji muryoyi sun fito tas, yayin da bes ɗin, wato sautin ƙasa mai kauri, da a da yake girgiza kujera ya zama kamar an shaƙe shi. Na kuma lura cewa na'urar ta sanya lasifikan gaba a kan Large (wato su fitar da har bes da kansu), ta ce nisan wufar mita 6 ne, alhali idan aka auna da tef bai kai mita 4 ba. Shin awon ne ya baci, ko kuwa haka tsarin yake aiki?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina awon bai baci ba. Kowane ɗaki yana ƙara wa wasu mitocin bes ƙarfi gwargwadon girmansa, domin sautin yana kai-komo tsakanin bango da bango yana haɗuwa da kansa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka idan ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakinka za ka samu kusan 34 Hz (Hz shi ne adadin kaɗawar sauti a daƙiƙa), faɗin kuma zai ba ka kusan 43 Hz. A nan ne ɗakin yake kumbura sautin, kuma abin da kunnenka ya saba da shi a matsayin bes mai ƙarfi, wannan kumburin ne Audyssey ta rage. Ka ba kunnenka kwanaki kafin ka yanke hukunci.

Nisan wufa kuwa kada ka taɓa shi. Na'urar ba tazara take aunawa ba, lokacin isowar sauti take aunawa, kuma kayan lantarkin da ke cikin wufar suna jinkirta shi kaɗan. Abin da ya kamata ka canza shi ne Large: ka mayar da lasifikan kan Small, ka sa iyakar rabon sauti tsakanin lasifika da wufa a 80 Hz, wato ma'aunin da THX, kamfanin tsara ma'aunin sautin sinima, ya yaɗa, domin duk abin da ke ƙasa da nan ya koma wa wufa. Ɗaga wannan iyaka ba laifi ba ne, amma kada ka saukar da ita ƙasa da abin da awon ya nuna, saboda ba a yi wa wannan yankin gyara ba.

Mai Awo:

Na yarda da yawancin bayanin Injiniya, sai dai akwai abin da ya rage. Ɗaki ba kumbura sauti kaɗai yake yi ba, yana kuma kashe shi a wasu wurare. Idan kujerarka tana daidai tsakiyar tsawon ɗakin, to kana zaune ne a inda 34 Hz ɗin nan yake soke kansa, kuma babu wani tsarin gyara, Dirac Live ne ko YPAO na Yamaha ko MCACC na Pioneer, da zai cike wannan ramin. Ƙara ƙarfi a wurin wahalar da wufa ne kawai, domin sautin da ke dawowa daga bango shi ma ƙaruwa yake yi ya sake soke na farko. Maganin shi ne matsar da kujera ko wufa, sannan a sake awo. Ka ɗora makirufon a kan sanda mai ƙafa uku, bakinsa yana kallon silin, daidai tsayin kunne, nesa kaɗan da jinginar kujera, ka kuma cika wurare takwas ɗin da Audyssey take aunawa ba tare da ka yi nisa da wurin farko ba.

Ni kaina ina taƙaita gyaran zuwa ƙasa da kusan 300 Hz ta manhajar MultEQ Editor, domin a nan ne ɗaki yake da iko a kan sauti. Sama da haka halin lasifikar ne ya fi rinjaye, kuma lasifika mai kyau ba ta buƙatar a sake mata murya.

Ma'abocin Fim:

Taƙaita gyaran ba ya dacewa da kowa, ɗan'uwa. Idan lasifikar tsakiya tana cikin kabad ko ta bambanta da na gefe, gyaran gaba ɗaya yakan daidaita muryoyinsu. Malam mai tambaya, ka duba ko Dynamic EQ a kunne yake. An daidaita sautin fim ne don ƙara mai yawa, kuma idan aka rage ƙarar, kunnen ɗan'adam bes yake fara rasawa, wanda shi ne abin da wannan saiti yake mayarwa. Ka duba matakin ƙarar wufar a risiba ma: idan ya nuna -12 dB (dB ma'aunin ƙara ne), na'urar ta kai ƙarshen abin da za ta iya ragewa, sai ka rage maɓallin ƙara da ke bayan wufar ka sake awo.

Mai Tambaya:

Na gode, Malamai, Allah ya saka da alheri. Kujerar tana tsakiyar ɗakin kamar yadda aka yi hasashe, matakin wufar kuma -12 dB ne. Zan matsar da kujerar baya kaɗan, in rage maɓallin, in sake awon da dare lokacin da babu hayaniya.