Musayar waƙa a kan numfashin itace

Manomin Kwalkwalawa:

Sallama gare ku, malaman Sakkwato,
Ga tambayar da ta hana ni rintsawa.
An ce da rana itace na shaƙar iskar kabon,
Ya saki oksijin da muke shaƙawa,
Da dare kuma sai ya juya al'amarin,
Har ake hana kwana a gindin ɗorawa.
Shin numfashi biyu gare shi,
Ko ɗaya ne da yake sauyawa?

Malamin kimiyya na Mabera:

Amin, Baba, ayyuka biyu ne mabambanta
Waɗanda mutane suka saba haɗawa.
Na farko haɗa abinci ne a cikin ganye,
Ba ya yiwuwa sai rana tana haskawa.
Iskar kabon na shiga ta ƙananan ƙofofin ganye,
Ta tarar da ruwan da saiwa ke jawowa.
Koren sinadarin nan, kulorofil, shi ke kama haske,
Da ƙarfin hasken ne ruwa ke tsagewa.
Daga ruwan oksijin ke fita, ba daga iskar ba,
Kabon kuwa sukari yake komawa.
Tun a 1779 Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan,
Ya nuna cewa in babu haske aikin na tsayawa.

Ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:

Malam, a yi mini izini in ɗora na biyu,
Numfashi, wanda dare da rana ba ya yankewa.
Ganye da reshe da saiwa duka suna jan oksijin,
Su ƙona sukarin don samun ƙarfin tsirowa,
Sannan su saki iskar kabon kamar mu,
Sai dai da rana haɗa abinci ke rinjayewa.
Da dare numfashin kaɗai ya rage,
Kuma abin da ya saki a fili, iska ke kwashewa.
Saboda haka, Baba, mai kwana gindin itace
Ya ji tsoron kunama, ba na shaƙewa.

Manomin Kwalkwalawa:

Madalla, ɗiyata. Ke nan don haka ne albasa,
In Rima ta malale fadama, take ruɓewa?
To, me ya sa gero ke jure fari,
Alhali shinkafa tana langaɓewa?

Malamin kimiyya na Mabera:

Haka ne, Baba, ruwa ya kore iskar cikin ƙasa,
Saiwa ta rasa oksijin, sai mutuwa;
Ita shinkafa tana da hanyoyin iska a jikinta
Da ke kai wa saiwarta ko tana cikin ruwa.
Batun gero kuwa, kabon kaɗan ne a sarari,
Kusan kashi 4 cikin 10,000 in ana aunawa.
In zafi ya tsananta ganye na tsuke ƙofofinsa
Don kada ruwan jikinsa ya yi ta ficewa,
Amma tsukewar na rage kabon da ke shiga,
Nan shinkafa da alkama suke gazawa.
Gero da dawa da masara suna tara kabon a ciki,
Ko ƙofar ta ƙuntata, sukari suke haɗawa.