Jakadan Amurka da ya koma jakadan ƙasar Sin

Ɗalibi daga Gwale: Assalamu alaikum malamaina. Jiya bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, sai yayana ya ce an taɓa yin wani jakadan Amurka a ƙasar Sin da ya ajiye aikinsa, Sinawa suka ɗauke shi ya wakilce su a ƙasashen Turawa, har da ƙasarsa ta haihuwa. Maganar ta tsaya mini a rai. Wane ne shi, kuma me ya sa suka amince wa baƙo har haka?

Malamin tarihi, Fagge: Wa alaikumus salam. Yayanka ya faɗi gaskiya. Sunansa Anson Burlingame, an haife shi a jihar New York a 1820, ya kuma wakilci Massachusetts a majalisar wakilai daga 1855 zuwa 1861. Sunansa ya fito ne a 1856, lokacin da Preston Brooks, ɗan majalisa daga Kudu, ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda a zauren majalisar dattawa, saboda jawabin da Sumner ya yi na sukar bautar da bayi. Burlingame ya miƙe ya yi tir da Brooks, shi kuwa ya nemi su fita fili su yi harbe-harbe. Burlingame ya amsa, ya zaɓi doguwar bindiga, ya ce a haɗu a tsallaken Kanada kusa da Niagara, amma Brooks bai je ba. Bayan ya faɗi zaɓe, Shugaba Lincoln ya naɗa shi jakada a Ostiriya, suka ƙi karɓarsa saboda goyon bayan da yake bai wa masu neman 'yancin Hungary daga mulkin Ostiriya, shi ne aka tura shi Sin a 1861.

Malama daga Gyaɗi-Gyaɗi: Malam, bari in ƙara a kan batun amana, domin nan ne zuciyar tambayar. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka shiga Beijing, aka ƙone fadar sarki ta bazara, saboda haka Sinawa ba su saba ganin Bature mai saurarensu ba. Burlingame ya riƙa jan hankalin sauran jakadu su bi hanyar sulhu, su daina barazana da jiragen yaƙi. Da ya zo tafiya a 1867, Yarima Gong, ɗan gidan sarautar Sin mai kula da harkokin waje, ya roƙe shi ya jagoranci tawagarsu zuwa ƙasashen Turawa, aka haɗa shi da manyan jami'an Sin biyu.

Malamin tarihi, Fagge: Haka ne, Malama. A watan Yuli na 1868 ya sa hannu a madadin Sin kan yarjejeniya a Washington, wadda ta yarje wa Sinawa shiga Amurka neman abinci, a daidai lokacin da dubbansu suke shimfiɗa layin dogo a yammacin ƙasar. Ya wuce Landan da Paris da Berlin, ciwon huhu ya kama shi a St. Petersburg, ya rasu a watan Fabrairu na 1870. Abin da yake yi mini ciwo, ɗalibi, shi ne shekara 12 kacal bayan rasuwarsa, a 1882, majalisar da ya taɓa zama a cikinta ta yi dokar hana leburorin Sin shiga Amurka.