Abin da aka ce kan tura yaro daga Kano karatu Legas

To jama'a, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya yarda matsalar UNILAG, wato Jami'ar Legas, masauki ce, hostel ɗin Akoka, inda jami'ar take, ba ya isa, haya a unguwar Yaba da ke kusa kuwa sai dai addu'a.
2. Masu karatun likitanci sun ɗan huta, kwalejinsu na Idi-Araba, Hausawa fal, ga masallaci ga tuwo.
3. Kar yaro ya dogara da acaɓa, gwamnatin Legas ta hana shi a wasu ƙananan hukumomi tun 2022.

Inda aka rabu shi ne siyasar makaranta. Wasu sun ce ya shiga a dama da shi, wasu suka ce baƙo ya kama bakinsa, MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ta ishe shi. Iyaye mata dai duk BUK suka ce.