Ina so in zaga wuraren tarihi na ƙauyuka a kan babur, ta ina zan fara?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Ni a Kano nake, ina da Boxer tawa da nake zuwa aiki da ita, kuma zan samu hutun kwana biyar a watan Disamba. Tun ina firamare ake bamu labarin Bayajidda da Kanta na Kebbi da su Yunfa amma wallahi ban da Dala da Gidan Makama babu inda na taɓa takawa da ƙafata, abin yana damuna sosai. So nake in ɗau babur in je in gani da idona, a raina akwai Surame da Alkalawa da rijiyar Kusugu da kuma duwatsun nan na Birnin Kudu da ake cewa akwai zane a jikinsu. Mu biyu ne da abokina, kowa da mashin ɗinsa. Wanda ya taɓa irin wannan tafiyar ya taimaka, me zan riƙe, wace hanya ce tafi?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena naji daɗin wannan niyya taka, Allah ya cika buri. Amma tun kafin a je ko'ina ka cire Alkalawa da Surame daga lissafinka a yanzu. Alkalawa tana can gabashin Sakkwato ne wajen Sabon Birni, kai ma kasan halin da yankin yake ciki da 'yan bindiga, kuma baƙo a kan babur cikin daji ko ɓarayi basu tare shi ba jami'an tsaro da 'yan sa kai zasu yi masa wani kallo. Surame ma cikin daji take a wajen Binji. Ni kaina ina da burin ganin ganuwar dutsen da Kanta ya gina can, da kufan Alkalawa inda aka ci Gobir a 1808, amma rai ya fi.

Ka fara da Birnin Kudu. Ka bi hanyar Maiduguri ta Wudil, kwalta ce har can, in ka fita bayan asuba kafin hantsi ya yi zafi ka isa. Akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Abin da zaka gani zanen shanu ne a ƙarƙashin inuwar dutse, wasu da jan launi, kuma ka lura da kyau shanun basu da tozo, ba irin namu na yanzu bane da Fulani ke kiwo, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka daɗewar abin. Sannan akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai suyi ƙara kamar ƙarfe, zaka ga gurbin da hannun mutane ya cinye saboda yawan bugu. Ranar da na fara zuwa na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Abin da ya ɓata min rai shine wasu yara sun rubuta sunayensu da gawayi kusa da zanen, dan Allah kada ku taɓa shi da hannu kuma kada ku watsa ruwa wai don hoto ya fito, mutane suna yi kuma yana kashe launin. Wurin yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ku nemi ma'aikacinsu ya zaga da ku.

Mai Faci:
Malam ya gama magana ta ɓangaren tarihi, ni bari in yi ta ɓangaren mashin tunda sana'ata ce. Oga kafin ka tashi ka juye baƙin mai, a ɗaure maka cen a sa mata mai, a duba birki gaba da baya, in tayar baya ta fara sulɓi kawai ka canza kada ka ce zata kai. Ka riƙe tif guda ɗaya sabo da fulogi da famfon hannu da sifana goma da sha biyu da sha bakwai da ɗan kayan faci, duk a ƙaramar jaka zasu shiga. Ƙaya ce babbar matsalar hanyar ƙauye musamman bayan an yi girbi an yanyanke ƙaya an zubar gefen gona, ni akwai ranar da na yi faci uku tsakanin azahar da la'asar a hanyar burji, ƙarshe turawa nayi har gari na gaba. In ka shiga yashi kada ka danne birkin gaba, ka sauko giya biyu ka saki hannu ya tafi a hankali. Mai kuma ka cika tanki a gidan mai duk inda ka samu, na 'yan bumburutu sai dole don wani ana haɗa shi. Hular kwano da takunkumi dole ne, Disamba hazo ne da ƙura da sanyin safe mai shiga ƙashi, ka sa rigar sanyi da safar hannu. Takardun babur da katin ɗan ƙasa su kasance a aljihunka ba a ƙarƙashin sit ba saboda shingen bincike.

Bakatsiniya:
Sannunku. Yayana in zaka Daura ka bi ta Kazaure, rijiyar Kusugu a cikin gari take ba wahala, an gina mata ɗaki kuma har yanzu ana ɗebo ruwa a ba baƙo ya sha, fadar sarki ma ba nisa. Amma tunda ƙauye kake so ka ƙara da Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani, tsakanin Daura da Katsina. Tuddai ne na kaburburan sarakunan da, wani Bature Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992 aka samu kayan ado na ƙarfe da wuri da hauren giwa. Gaskiya in ka je ba mai yi maka bayani tudun ƙasa kawai zaka gani ka ce ka ɓata manka, shi yasa kada ka wuce kai tsaye. Ka fara sauka ƙofar gidan mai gari ka kashe mashin ka yi sallama, ka faɗi daga ina kake da abin da ya kawo ka, shi zai haɗa ka da dattijon da ya san wurin. Ka riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa. Kuma kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mata a bakin rijiya ko cikin gida, mutanenmu basa so ko kaɗan. Kafin ka baro Daura ka tambayi direbobi a tasha yadda hanyar Mashi da Mani take a ranar, kuma ka tambaya ko akwai dokar hana hawa babur a wani yanki don an sha sa irinta a jihar. Magariba ta same ku a cikin gari.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam na haƙura da Surame da Alkalawa sai Allah ya kawo mana zaman lafiya, duk da wallahi har cikin raina naso ganin ganuwar nan. Yanzu mun tsara rana ta farko Birnin Kudu mu kwana Dutse, mu dawo Kano mu huta, sannan Daura kwana ɗaya, in hanya lafiya mu shiga Durɓi da safe. Mai Faci tayar bayan tawa ta kusa shekara biyu, gobe zan kai a canza. Hajiya dan Allah in kin san masauki mai sauƙin kuɗi a Daura da ke da wurin ajiye babur a cikin gida ki sanar dani.