Neman kalmar Hausa: yaya za mu kira kanti ɗaya mai ƙofofi a garuruwa da yawa?

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne wata fassara da aka kawo mini in duba a makon jiya, wadda ta shafi kamfanin Marks & Spencer na Ingila, mai sayar da tufafi da kayan abinci, da ƙoƙarin da yake yi na sabunta dabarun kasuwancinsa. Mai fassarar, wani matashi mai himma da ke zaune a Agege, ya ci karo da "high street chain", sai ya rubuta "sarƙar babban titi". Na karanta wa wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Balogun ta Legas wannan jimla ba tare da na gaya masa asalinta ba, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wace sarƙa kuma? Irin wadda ake tare hanya da ita?" Idan ɗan kasuwa da ya shekara talatin a shago bai gane labarin kasuwa ba, laifin na fassarar ne.

Mu fara da titin, domin shi ya fi sauƙi. Abin da Turawan Ingila suke nufi shi ne titin tsakiyar gari inda kantuna da bankuna da shagunan magani suke jere, mutum yana tafe da ƙafa yana shiga wannan yana fita wancan. Amma a Legas duk wanda aka ce wa babban titi, hankalinsa zai tafi titin Ikorodu ko hanyar Oshodi zuwa Apapa, inda ba a ciniki sai in cunkoso ya tsayar da motoci 'yan talla sun zagaye su. Abin da ya fi kama da nasu shi ne titin Nnamdi Azikiwe a Idumota ko Allen a Ikeja. Mu kuwa muna da kalmar layi tun tuni, muna cewa layin 'yan goro, layin 'yan takalma, don haka "layin kantuna" ya wadatar, a ƙara "na cikin gari" idan ana so a bambanta shi da manyan rumfunan zamani na bayan gari.

A kalma ta biyu, wato "chain", ne aka yi sa-in-sa. Wata malamar makaranta daga Idi-Araba ta ba da shawarar "jerin kantuna", kuma na ga wasu sun riga sun saba da shi a rubutu. Hajiya, ina girmama ra'ayinki, amma jeri a Hausa yana nuna abubuwan da suke kafaɗa da kafaɗa ne a wuri guda, saboda haka jerin kantuna ya fi dacewa da titin da muka gama magana a kai, ba da kamfanin da yake da ƙofa ɗaya a Landan wata a Manchester ba. Wani kuma ya kawo "rukunin kantuna", sai dai rukuni ya riga ya zauna a kan kamfanoni mabambanta da ke ƙarƙashin mai gida ɗaya, kamar yadda ake cewa Rukunin Kamfanonin Dangote, inda siminti daban, sukari daban.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "kanti mai rassa". Bankuna sun riga sun koya wa kowa kalmar reshe, kuma ita ce ta kama ainihin abin: gindi ɗaya ne, suna ɗaya, hedikwata ce take sarin kaya ta rarraba, ita ce kuma take yanke farashin da aka maƙala a jikin kaya, babu tayi babu albarka. Ba baƙon abu ba ne a garin nan. Kingsway, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1948, kanti ne mai rassa a zamaninsa, haka ma Shoprite da ya fara a Lekki a 2005 kafin uwar kamfanin ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Najeriya a 2021. Alhajin Balogun ya tambaya ko shagunansa uku sun shiga wannan suna, na ce masa a'a, ranka ya daɗe, tunda kowane yaron shago yana da nasa farashi gwargwadon fuskar mai saye. Waɗannan shagunan mutum ɗaya ne.

Inda kalmar ta fi nuna ƙarfinta shi ne a labarin sabuntawar kansa. Marks & Spencer ya samo asali ne daga teburin da Michael Marks ya kafa a kasuwar Kirkgate ta Leeds a 1884, ya yaɗu har ya zama kusan babu layin kantunan da ba shi. Da masu saye suka koma yin oda ta intanet, ga haya da harajin gine-gine sun yi nauyi, sai kamfanin ya sayi rabin sashen sayar da kaya na Ocado, kamfanin da ke sayar da kayan abinci ta intanet, a 2019 domin kai abinci har gida, sannan a 2022 ya bayyana cewa zai rage manyan kantunansa daga 247 zuwa 180, ya ƙara buɗe waɗanda abinci kaɗai suke sayarwa, yana barin tsofaffin gine-gine zuwa wuraren da ke da filin ajiye motoci. Da kalmar reshe ana iya ba da wannan labari a sauƙaƙe, a ce ya sare wasu rassa, ya fitar da sababbi. Da sarƙa kuwa ba zai yiwu ba, domin sarƙar da aka cire wa zobe ta tsinke ke nan, alhali kamfanin yana nan da ransa.

Akwai ƙorafi ɗaya da ya cancanci amsa, wato kamfanin da rassansa suka ƙare baki ɗaya. Debenhams, wani tsohon kanti mai rassa, ya rufe kantunansa na ƙarshe a Ingila a watan Mayun 2021, bayan Boohoo, kamfanin sayar da tufafi ta intanet, ya sayi sunan a kan fam miliyan 55, ya ci gaba da sayar da kaya da shi ta intanet. Amsata ita ce wannan ya daina zama kanti mai rassa, ya koma kantin intanet, kuma canjin sunan shi ne labarin.

Na gyara jimlar matashin ta koma "wani kanti mai rassa a layukan kantuna na biranen Ingila zai rufe wasu rassansa", na sake karanta wa Alhaji. Bai tambayi ma'anar komai ba, sai ya ce, "To Malam, wuraren da za su bari, nawa ake ba da hayarsu?"