Musayar baitoci a kan Tafkin Oku

Ɗan Bamenda:
Tafkin Oku na Kamaru,
Bisa dutse ya yi kwanciya.
Ramin aman wuta ne a da,
Yau kurmi ke masa kariya.
Ba kifi, sai wani ɗan kwaɗo,
Da ba shi ko'ina a duniya.

Bakano:
Ka hau tudu, ka sha ɗari,
Don kallon kwaɗo, wai kai gwani!
Ruwan da babu tarwaɗa,
Zo Tiga ka ga mai amfani.

Ɗan Bamenda:
Bakano, cikinka ka sani,
Komai ka gani, "Nawa ne kuɗinsa?"
A zuba tarwaɗarka can,
Ta lashe kwaɗon da 'ya'yansa.

Hajiyar Kumbo:
Allah ya ƙara basira, ɗan'uwa, ka gama da shi! Kuma a gaya wa Bakano, farar zumar Oku daga wannan kurmi na Kilum take fitowa. In kasuwa yake nema, ga ta.

Bazazzage:
Hajiya, kar ki nuna masa hanya,
Gobe ya zo da buhu da gatari.
Ya saye zumar, ya sare kurmin,
Ya ce gawayi ma ai jari.

Malamin Aruli:
Ɗan Bamenda, ɗangonka na biyu a amsar nan ya gurgunta. "Nawa ne kuɗinsa" ya yi wa karin nauyi. Bazazzage kuwa bai ma san da ma'auni ba.

Bazazzage:
Malam, mu da kunne muke awo. Kai da kake ƙirga gaɓa, ina naka baitin?

Malamin Aruli:
Alƙali ba ya shiga kokawa.

Hajiyar Kumbo:
To alƙali ya zauna gefe. Baitin ɗan'uwana lafiyarsa lau.

Baƙon Maraɗi:
Ku yi haƙuri, yanzu na shigo. Ba tafkin nan ne ya hallaka mutane ba?

Ɗan Bamenda:
A'a yaya, wancan Nyos ne, a yanki ɗaya suke. A 1986 ya fitar da iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Shi Oku dutsensa ya kai mita 3,011, abin da ke damunsa saran itace ne da kiwo.

Bakano:
Na dawo daga kasuwa,
Na iske Bazazzage na haushi.
Wanda bai hau Kufena ba,
Shi zai hau Oku? Sai dai a ɗauke shi.

Malamin Aruli:
Wannan ɗangon na ƙarshe ma ya zarce.